Bango Ɗaya Tsakanina da Opal

Litinin, 13 ga Janairu

Na koma aiki yau. Opal wata huɗu da haihuwa. Na kai ta wurin Mama Jolene, uwar mijina, mil ashirin da biyu a kan hanyar da ta daskare, na juyo don in zo in rungumi 'ya'yan wasu. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin jarirai na gidan rainon nan, amma kuɗin jariri ɗaya a wurinmu ya fi rabin albashina. Ni mai raino ce da ba ta da halin biyan raino. Da ƙarfe goma ɗan matar likitan haƙori ya fasa kuka, sai nono ya zubo min har ya jiƙa rigar aiki. Na ci gaba da jijjiga shi, don babu wanda zan miƙa wa.

Mijina Boyd yana kan hanya da tirela, sai Asabar. Ya ce a waya in yi haƙuri. Shi kullum haƙuri yake aikowa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wyatt, ɗaya daga cikin jariran ɗakina, ya yi tafiya yau, taku uku daga kujera mai lilo zuwa gwiwata. Na tafa masa a hankali, na mayar da shi ƙasa. Da uwarsa ta zo da yamma da kayan asibiti a jikinta, na ce mata abin da muka saba faɗa: "Ya kusa fa. Ki sa masa ido a gida."

Haka ake yi a ɗakin jarirai, babu takardar da ta rubuta shi. Yaro ya yi takun farko a hannunmu, ba ma faɗa. Uwar da ta bar ɗanta awa tara don ta nemi abinci ba ta buƙatar mu ƙara mata da wannan. Sai ta gani a gida, ta zo da bidiyo tana rawar jiki, mu yi ihu kamar ba mu taɓa gani ba. Na yi wa uwaye sun fi arba'in.

Mama Jolene ba ta san wannan ladabin ba. Ina cikin wanke fida ta kira: "Twyla! 'Yarki ta kife da kanta! Sau biyu ma! Ai da kina nan!" Na ce madalla. Na kashe wayar na tsaya gaban famfo har ruwan ya huce.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Madam Haskett, shugabarmu, ta manna takarda a jikin firij ɗin ma'aikata. Wai an kai ƙudiri majalisar jiha: duk mai aikin raino a gidan da yake da lasisi, jiha za ta biya wa 'ya'yanta kuɗin raino. Na karanta sau uku a tsaye. Mis Bernadine ta ɗakin 'yan shekara huɗu ta leƙo ta kafaɗata tana taunar biskit, ta ce, "Hmm. Sai na ga sa hannun gwamna da idona." Matar nan ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Shekara ashirin da shida tana nan, tana waƙa a coci, kuma duk abin da ya zo bakinta sai ya fito. Ba ma faɗa da ita, amma jininmu bai taɓa haɗuwa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun je babban birni a bas, mu talatin daga gidajen raino daban-daban, duk an saka mu cikin riguna ruwan ɗorawa iri ɗaya. Awa huɗu muna zaune a benci kafin kwamitin majalisar ya kira mu. Minti biyu aka ba ni, da wata 'yar fitila a gabana mai komawa ja. Na shirya magana shafi guda, amma abin da ya fito kawai shi ne, ina tatsar nono a banɗaki in sa a firij kusa da na 'ya'yan mutane, tawa kuma tana mil ashirin da biyu. Fitilar ta yi ja.

Wani sanata mai farin gashi ya yi murmushi ya ce shi ya san matan nan don ƙauna suke aikin, ba don kuɗi ba, Allah ya yi musu albarka. Bernadine ta ce, da muryar da take zaton raɗa ce, "To a gwada biyansa da ƙauna wata ɗaya mu gani." Rabin zauren ya ji. Na so ƙasa ta tsage, amma na yi dariya cikin hannun riga.

Bayanmu wani mai masana'antar kaji ya tashi. Ya ce ma'aikata mata na barin masa aiki saboda gidajen raino suna rufe ɗakuna, babu masu raino. Shi an ba shi minti goma sha biyar, kuma sai a lokacin na ga 'yan majalisar suna rubutu. To na gane. Kaji ne za su cece mu.

Alhamis, 27 ga Maris

Haƙorin Opal ya fito. A waya na ji.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ƙudirin ya wuce. Gwamna ya sa hannu, zai fara aiki ɗaya ga Yuli. Madam Haskett ta sayo kek, yaran suka shafe mu da shi. Na shiga mota na yi kuka sosai kafin in tayar, na daɗi ne, ina jin. Na riga na zaɓa wa Opal gado, na kusa da taga. Zan ba ta nono da hannuna, in kwantar da ita da hannuna.

Ta fara zama ba tallafi tun makon jiya. Mama Jolene ce ta fara gani, ta kuma tabbatar na sani.

Talata, 20 ga Mayu

Fom ɗin neman kuɗin rainon ya zo. Shafi na uku, layi na ƙasa, da ƙananan haruffa: jiha ba za ta biya ba idan uwar ce ke kula da ɗanta a ɗakin. Wai kada a biya mace don ta riƙe ɗanta. Ɗan kowa zan iya riƙewa a biya, ban da wadda na haifa.

Ɗakin jarirai ɗaya ne tal a gidan nan. Madam Haskett ta rufe ƙofar ofis ta ce, "Twyla, abu biyu ne. Ko ke a ɗakin, ko Opal." Na ce shekara goma sha ɗaya fa, Madam. Ta ce ta sani. Na ce ni na fenti bangon nan da kuɗina. Ta ce ta sani, ba ita ta rubuta dokar ba. Ta ce na ɗan lokaci ne, in Opal ta cika shekara a Satumba za ta koma ɗakin gaba na 'yan shekara ɗaya, ni in dawo nawa. Kafin nan mu yi musanya da Bernadine.

Bernadine. Matar da tari kawai za ta yi a falo, jarirai shida su farka.

Boyd ya ce ai dai gini ɗaya za mu kasance.

Litinin, 9 ga Yuni

Opal tana rarrafe. Ɗazu Mama Jolene ta same ta a bakin matakalar baranda, ita kuma ƙugunta ba ya barinta saurin tashi. Tana ba ni labarin tana dariya. Na sa hannu a fom ɗin yau.

Na zauna na lissafa. Kifewa, haƙori, zama, rarrafe, duk a waya na same su. Tafiya ce kaɗai ta rage. Wannan kam da idona zan gani, ko me zai faru.

Juma'a, 27 ga Yuni

Mako guda ina koya wa Bernadine ɗakina. Hannunta na da kyau, ba zan yi ƙarya ba, tana canja kunzugu kamar tana naɗe burodi. Matsala ta zo ne da na kai ga maganar takun farko. Ta ajiye fidar da ke hannunta.

"Ke nan ƙarya kuke wa iyayen?"

Na ce ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne.

"'Yar nan, ni a gidanmu abin da ya faru ka ce bai faru ba, sunansa ƙarya. Ina da shekara hamsin da takwas, ba zan fara yanzu ba. Lahadi a gaban mutane nake tsayawa in yi waƙa."

Mun ja sosai. Na ce ba ta taɓa ganin fuskar uwa ba in aka ce mata wata ce ta gani kafin ita. Ta ce ta yi rainon nata uku tana aiki biyu, kada in koya mata fuskar uwa. A ƙarshe ta ce za ta yi shiru in ba a tambaye ta ba, amma kalmar "ya kusa" ba za ta fito daga bakinta ba har abada.

Na ce to ga nawa sharaɗin. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan biyu. In Opal ta saki hannu ta tsaya, Bernadine ta ga alamar za ta taka, ta ƙwanƙwasa sau uku, ni kuma in zo a guje. Ta ce, "Wannan kam zan yi. Sau uku, da ƙarfi." Na ce na san da ƙarfin.

Talata, 1 ga Yuli

Na shigo da 'yata ta ƙofar gaba, na rubuta sunanta a rajista kamar kowace uwa, na miƙa ta. Na wuce ɗakin 'yan shekara huɗu inda yara goma sha biyu ke jirana, kowa da tambayarsa.

Ta yi kuka minti arba'in. Bangon nan siriri ne, ban taɓa lura ba sai yau. A cikin kukan jarirai shida ina tsince nata. Ina karanta wa yara labarin agwagwa, muryata na tafiya, kunnena na can. Wata yarinya ta ce, "Mis Twyla, kin tsallake shafi."

Ba zan iya fita ba. Doka ta ce babba ɗaya ga yara goma sha biyu, kuma ko na ƙiftawar ido ba a barin su. Bara aka sallami wata don ta fita ɗauko tawul, sai mai duba lasisi ya shigo. In aka sallame ni, gurbin Opal ya tafi da ni, don albarkacin aikina take ci.

Laraba, 16 ga Yuli

Hutun rabin awa na rana nakan je in ba Opal nono. Duk sanda na tashi tafiya sai ta birkice, ta tayar da sauran. Yau Bernadine ta bi ni har ƙofa ta ce, wai a hankali, "Ki riƙa zuwa in ta yi barci, ki leƙa ta gilashi. Zuwanki da tafiyarki ne ke wahalar da ita." Na ce 'yata ce. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ke ma abin da kike faɗa wa iyaye ke nan."

Gaskiya ne, na sha faɗa. Shi ya sa na ji kamar in mare ta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Matar da ke zagayawa tana karɓar mu in za mu shiga banɗaki ta bar aiki, ta koma masana'antar kaji. Sun fi biya. Dokar da aka ce za ta kawo ma'aikata ta kawo mana mutum biyu, uku sun tafi. Yanzu in fitsari ya matse ka sai ka jira Madam Haskett ta samu sarari.

Da yamma na je ɗaukar Opal, ta kalle ni ta yi dariya, sannan ta juya ta cusa fuska a wuyan Bernadine. Bernadine ta ce, "Je ki wurin mamanki, sarkin rigima." Na karɓe ta tana ƙanshin man shafawar wata. Na yi mata wanka da muka isa gida duk da ba ta yi datti ba.

Laraba, 27 ga Agusta

Opal tana bin jikin kujera tana tafiya. Tana sakin hannu ɗaya. A gida ina zaunar da ita in ja baya in miƙa hannu, sai ta zube ta rarrafo tana min dariya. Kullum da safe ina tuna wa Bernadine: sau uku. Yau ta ce in na sake faɗa za ta ƙwanƙwasa kaina.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ƙarfe goma da kwata. Muna fenti da yatsu. Na ji an ƙwanƙwasa, sau uku, har hoton da ke bangon ya motsa.

Na kai ƙofa kafin in san na tashi. Na kama mariƙin. Na leƙa falo, babu kowa. Madam Haskett tana ɗakin 'yan shekara biyu tana tsare wa wadda ba ta zo ba. Na kira sunanta sau biyu, ba ta ji ba. Taku takwas ne daga ƙofata zuwa tasu, na sha ƙirgawa. Na waiwaya, yara goma sha biyu, hannu duk fenti, ɗaya ya riga ya hau kan tebur. Na ce a raina in jera su mu tafi tare, amma ba a shiga da manya ɗakin jarirai, kuma kafin in wanke hannu ashirin da huɗu an gama komai.

Aka sake ƙwanƙwasawa, sau uku, da sauri.

Ƙafata ɗaya tana waje. Na tsaya a haka ban san iya lokacin ba. Sai na ji muryar Bernadine ta bango, wannan muryar da ba ta ɓoyuwa, ta yi wata 'yar ƙara ta katse ta a tsakiya, kamar an toshe baki da hannu. Daga nan shiru.

Na dawo da ƙafata. Na rufe ƙofa. Na sauko da yaron daga kan tebur. Wani ya ce, "Mis Twyla, wa yake buga bango?" Na ce masu gyara ne.

Da rana na leƙa ta gilashi, Opal tana barci. Bernadine ta ba ni baya tana jera fida, ba ta juyo ba. Da yamma na shiga ɗaukarta na tsaya ina kallon Bernadine. Tana ta haɗa jakar Opal, ta sa safa ta cire ta sake sawa. Na ce, "Kin ƙwanƙwasa."

"Na ƙwanƙwasa. Na yi gaggawa ne. Ta saki hannu ta tsaya, sai ta zauna daɓas." Idonta na kan jakar. "Ta kusa fa. Ki sa mata ido a gida."

Kalma bayan kalma, yadda na koya mata. Ni za a yi wa? Ni da na yi wa mata arba'in? Wuyanta duk ya jiƙe da gumi, ko iya ƙaryar ba ta yi ba. Na ɗauki 'yata da jakar na fita, ban yi sallama ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ban yi wa Bernadine magana ba. Ban san ma da wa nake fushi ba. Da ita, da Madam, da sanata mai farin gashi, da wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta layin nan na shafi na uku ya tafi cin abincin rana. Sun ba ni abin da na roƙa. Taku takwas suka bar min, kuma sun fi mil ashirin da biyun nisa.

Ina iya tambayarta kai tsaye. Ta ce in aka tambaye ta ba za ta ɓoye ba. Sau biyu na buɗe baki.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bayan coci, Boyd na gida, Mama Jolene ta zo da wake da burodin masara. Opal tana riƙe da ƙafar tebur. Na durƙusa na miƙa hannu ba tare da na sa rai ba. Ta saki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ta faɗo ƙirjina tana ƙyalƙyala dariya. Boyd ya yi ihu har kare ya gudu, yana ɗaukar bidiyo da wayarsa. Mama Jolene tana cewa, "A gaban uwarta! Kun gani, ta jira uwarta!"

Na ga takun farko sun fi arba'in. Na farko ba ya kai biyar, kuma yaro ba ya dariya, tsoro ne a fuskarsa. Wannan ta san hanya.

Na riƙe ta na yi kuka a gashinta. Boyd yana shafa bayana yana cewa kin gani, kin gani. Na bar shi. Bai san komai ba, kuma fuskarsa ta yi kyau a haka.

Litinin, 8 ga Satumba

Na nuna wa Bernadine bidiyon da safe. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kai! Ikon Allah! Yaushe?" da ƙarfin da ya tayar da jarirai biyu. Ban taɓa ganin wanda bai iya wasan kwaikwayo ba irinta. Idonta ya cika da ruwa, wannan kam ba na wasa ba ne. Na ce jiya, bayan coci. Ta ce, "A gabanki." Na ce a gabana. Muka tsaya muna kallon wayar har ta mutu da kanta.

Kofi biyu na saya a hanya, kuskure ne, na manta Boyd ya riga ya tafi. Na bar mata ɗayan kada ya lalace.

Madam Haskett ta ce Opal na cika shekara ranar Asabar, sai ta koma ɗakin gaba in karɓi ɗakina. Na ce a bar ta inda take zuwa ƙarshen Oktoba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce na san ke nan ni ma sai Oktoba. Na ce ɗakin gaban sanyi ne da shi, kuma yarinyar ba ta son sauyi. Shi ke nan dalilin.

Dokar nan har yanzu ban yafe mata ba.

Na ɗauko littafin jariri da Mama Jolene ta ba mu. Duk sauran layukan da fensir na cike su, don ji na yi, ban gani ba. Layin takun farko na daɗe a kansa. Na rubuta bakwai ga Satumba, a gida, gaban uwarta. Da biro na rubuta.